Muhawara: Shin Fasahar Nano Ta Amfani Talaka a Yaƙi da Cututtuka Masu Yaɗuwa?

Malam Usman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure su haska mana ita. Kullum ana yayata cewa fasahar nano za ta sauya harkar magani, amma idan mutum ya bibiyi labaran sai ya tarar mafi yawansu a kan ciwon daji suke. Ga wanda batun ya zo masa a baƙo, nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 80,000, ƙwayar bakteriya takan kai 1,000 zuwa 2,000, ita kuwa ƙwayar cutar ƙanjamau tana wajen 120. Fasahar nano ita ce sarrafa abu a girman nanomita goma, ko ɗari, ko 'yan ɗaruruwa, inda halayensa suke canzawa ta fuskar launi da narkewa da yadda jiki yake karɓarsa. Abin da nake son sani shi ne, cututtukan da suka fi addabar talakawa, irin su maleriya da tarin fuka da ƙanjamau da gudawa, sun ga wani amfanin wannan fasaha a zahiri, ko kuwa alkawari ne ake ta nanatawa tun daga jawabin da masanin kimiyya Richard Feynman ya yi a kan sarrafa ƙananan abubuwa a 1959?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Usman. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma zan iya ce maka amfanin ya riga ya iso, sai dai mutane ba su san sunansa ba. Duk wanda aka taɓa soka masa allura a yatsa aka ɗiga jininsa a kan 'yar robar gwajin maleriya, to ya yi mu'amala da fasahar nano. A cikin robar akwai wata siririyar takarda da aka zuba wa ɓurɓushin zinare mai girman nanomita 40 ko kusa da haka. Zinare idan ya ƙanƙance zuwa wannan girma ba ya zama ruwan ɗorawa, ja yake komawa. An liƙa wa kowane ɓurɓushi wani sinadarin garkuwar jiki da ke kama furotin ɗin da ƙwayar maleriya take saki a jini. Idan na ɗiga jinin na bi shi da ruwan gwaji, sai jinin ya bi takardar yana tafiya, ɓurɓushin da ya kamo furotin ɗin ya taru a wuri guda, cikin minti 15 zuwa 20 jan layi ya fito. Wannan layin da ido ke gani tarin zinare ne.

Kafin wannan gwaji, tabbatar da maleriya yana buƙatar madubin likita, da wutar lantarki ko haske mai kyau, da ƙwararren da zai zauna ya duba jini. Inda babu waɗannan, duk zazzaɓi sunansa maleriya, ana ba yaro maganinta alhali ciwon huhu ne ke cinsa. Gwajin gaggawa yana daga cikin abin da ya ba Hukumar Lafiya ta Duniya damar cewa a 2010 a riƙa gwadawa kafin a ba da magani, kuma yanzu ana sayar da ɗaruruwan miliyoyinsa a kowace shekara.

Malam Iliya:
Malama Rabi, na yarda da misalinki, amma ina da ja a kan yadda ake ɗaukar batun gaba ɗaya. Gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 400,000 a shekara, kuma ba don an rasa fasaha suke mutuwa ba. An san maganin tun shekarun 1970, wato ruwan gishiri da sukari, daga baya aka haɗa da sinadarin zinc. An san rigakafin tun kafin nan: ruwa mai tsabta, da makewayi, da wanke hannu. Tarin fuka ya kama mutum miliyan 10.8 a 2023, ya kashe miliyan 1.25, alhali maganinsa yana nan shekara da shekaru. Damuwata ita ce, duk lokacin da aka zo da sabuwar kalma mai ƙyalli, hankalin masu ba da kuɗin bincike da na jami'o'i yakan karkata can. Ku duba yawan maƙalolin da ake wallafawa a kan ɓurɓushin azurfa da aka haɗa da ruwan wani ganye, aka zuba a farantin gwaji, aka ga bakteriya ta mutu, shi ke nan aikin ya ƙare a nan. Abin da ya kashe bakteriya a faranti da abin da zai warkar da mutum ba tare da ya cutar da shi ba, tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce ƙwarai.

Dakta Hauwa:
Malam Iliya, maganarka a kan waɗancan maƙaloli gaskiya ce, kuma babu likitan da zai ce a bar gina rijiya a sayi nano. Amma ina so in kawo magani guda ɗaya in tsaya a kansa, domin shi ne ya sa nake ɗaukar wannan fasaha da muhimmanci.

Amfoterisin B tsohon magani ne da aka gano a shekarun 1950 daga wata bakteriya da aka samu a ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana da ƙarfi sosai a kan cututtukan naman gwari (fungus) da kuma ƙwayar cutar kala-azar, wata cuta mai zazzaɓi da kumburin saifa, amma yana da mugun dafi. Wanda ya taɓa tsayawa a kan majinyacin da ake ƙara wa wannan magani ya san abin da nake nufi: jiki ya ɗauki zafi, kakkarwa ta kama shi har gadon yana motsi, jijiyar da aka saka allurar ta kumbura, bayan 'yan kwanaki ƙoda ta fara gazawa, sinadarin fotashiyam ya faɗi, jini ya ragu. Dole a riƙa auna jininsa akai-akai, kuma asibitin da talaka yake iya kaiwa sau da yawa ba shi da na'urar wannan awo.

Abin da masana suka yi shi ne suka ɓoye maganin a jikin wasu 'yan ƙunsoshin kitse da ake kira liposom, waɗanda girmansu bai kai nanomita 100 ba. Alec Bangham ne ya fara bayyana irin waɗannan ƙunsoshi a Ingila a shekarun 1960. Maganin da aka haɗa ta haka, AmBisome, ya samu izini a Turai a 1990, a Amurka kuma a 1997. Da yake maganin a ƙunshe yake, kaɗan ne daga cikinsa yake taɓa ƙoda. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne, jikin mutum yana da wasu ƙwayoyin garkuwa a hanta da saifa da aikinsu shi ne haɗiye duk wani baƙon ɓurɓushi da ya shigo jini, kuma a cikin waɗannan ƙwayoyin ne ƙwayar kala-azar take ɓuya. Ke nan jiki da kansa yake ɗaukar maganin ya kai shi har ɗakin da ɓarawon yake.

Kala-azar cutar talakawa ce tsantsa, wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ne ke yaɗa ta, kuma idan ba a yi magani ba kusan duk wanda ta kama mutuwa yake yi. A da majinyaci yakan kwana wata guda a asibiti ana yi masa allura. A 2010 aka wallafa binciken da aka yi a jihar Bihar ta Indiya, wanda ya nuna ƙarin ruwa sau ɗaya tak na wannan magani, miligram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, yana warkar da kusan kashi 95 cikin ɗari. Ga mai aikin ƙarfi da ke ciyar da iyalinsa da abin da ya samu a ranar, bambancin kwana ɗaya da kwana talatin a gado shi ne bambancin zuwa asibiti da ƙin zuwa. A 2023 Bangaladesh ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da cutar a matsayin matsalar lafiyar al'umma, kuma wannan magani yana cikin abubuwan da suka kai ta can, tare da feshin gidaje da neman masu cutar da wuri.

Haka kuma akwai sanƙarau na naman gwari da ake kira kiriftokokas, wanda ke kama masu ƙanjamau da garkuwar jikinsu ta yi ƙasa sosai, kuma shi ne sanadin kusan ɗaya cikin biyar na mace-macen da ke da alaƙa da ƙanjamau. An yi babban gwaji a Botsuwana da Malawi da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe a kan mutane fiye da 800, aka wallafa a 2022. An ga ƙarin ruwa ɗaya na maganin mai ƙunshin kitse, tare da ƙwayoyi biyu na sha na mako biyu, ya yi daidai da mako guda na tsohon maganin wajen ceton rai, kuma illarsa ga ƙoda da jini ta fi sauƙi. A shekarar ce Hukumar ta mayar da shi zaɓin farko.

Malam Iliya:
Dakta, na gode da wannan bayani, kuma ban musa ko ɗaya daga ciki ba. Sai dai labarin yana da ɗaya ɓangaren. Shekaru masu yawa kamfani ɗaya ne, Gilead, yake da wannan magani mai tabbataccen inganci, kuma shirin kala-azar na kudancin Asiya ya dogara ne a kan kyautar da kamfanin yake ba Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011. Kyauta abin yabo ce, amma ba a gina tsarin lafiyar jama'a a kan abin da mai bayarwa zai iya dakatarwa. A 2021, lokacin da cutar baƙin naman gwari ta ɓarke a Indiya a tsakanin masu korona, maganin ya yi ƙaranci ƙwarai. Sannan dole a ajiye shi a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, alhali wuraren da kala-azar ta fi yawa zafinsu yakan haura 40. A gabashin Afirka ma, a Sudan da Habasha da maƙwabtansu, ƙarin ruwa ɗayan nan bai yi aiki yadda ya yi a Indiya ba, shi ya sa aka ci gaba da dogara a kan allurai biyu na kwana 17.

Malam Bashir:
A matsayina na mai haɗa magunguna, zan ƙara haske a kan dalilin da ya sa kamfani ɗaya ya daɗe shi kaɗai, domin ba haƙƙin mallaka ne kawai ba. Idan maganin ƙwaya ne na yau da kullum, duk kamfanin da ya samu sinadarin zai iya buga nasa, ya nuna yana shiga jini daidai da na asali, a ba shi izini. Maganin nano ba haka yake ba, domin yadda aka haɗa shi wani ɓangare ne na maganin kansa. Kamfanoni biyu za su iya amfani da amfoterisin iri ɗaya da kitse iri ɗaya, amma idan girman ƙunsoshin ya bambanta, ko maganin bai zauna daram a jikin kitsen ba, sai ya zube a jini ya koma yana cin ƙoda kamar tsohon. Saboda haka ne Amurka ba ta amince da kwatankwacinsa daga wani kamfani ba sai a ƙarshen 2021, shekara 24 bayan na asali. Wannan yana nufin hukumomin kula da ingancin magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna buƙatar na'urori da ƙwararrun da za su iya tantance irin wannan magani, in ba haka ba za a shigo musu da abu mai sunan liposom wanda ba ya aikin liposom.

Ko a gefen gado ma akwai ƙa'ida. Garin maganin da ke cikin kwalba da ruwan allura zalla ake narkar da shi, a girgiza sosai, a tace shi, sannan a zuba shi a ruwan gulukos. Idan aka haɗa shi da ruwan gishiri ya lalace. Ma'aikacin da ba a koya masa ba zai iya ɓata magani mai tsada cikin minti ɗaya.

Malama Saratu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in ja hankalinku zuwa wani abu da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Yawancin majinyatanmu na tarin fuka da ƙanjamau ba rashin magani ne ke kayar da su ba, ɗorewa a kan shan sa ne ke gagara. Mai tarin fuka zai sha magani wata 6, wata biyun farko iri huɗu. Da ya ji sauƙi bayan 'yan makonni, ga nisan asibiti, ga aikin da ya bari, sai ya daina, cutar ta dawo da taurin kai. Mace mai ƙanjamau kuma wani lokaci ɓoye robar maganinta take yi don kada a gani a gidan. Saboda haka da na ji labarin allurar ƙanjamau ta kabotegrabir da rilfibirin, wadda ake yi sau ɗaya a wata biyu, na ga abin da zai yi wa irin waɗannan mata amfani. Malam Bashir, an ce ita ma ta nano ce, haka ne? Kuma me ya hana a yi wa tarin fuka irinta?

Malam Bashir:
Haka ne, Malama Saratu. Magungunan biyu ba sa narkewa sosai a ruwa, sai aka niƙe su zuwa 'yan duwatsu masu girman nanomita 200 ko kusa da haka. Idan aka yi allurar a tsoka sai su zauna a wurin suna narkewa a hankali na tsawon makonni. Amurka ta amince da haɗin a farkon 2021 don magani, sannan a ƙarshen shekarar ta amince da kabotegrabir shi kaɗai don rigakafi. A gwajin da aka yi a kan mata a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, allurar ta rage kamuwa da kusan kashi 90 cikin ɗari idan aka kwatanta da ƙwayar sha ta kullum, kuma babban dalili shi ne abin da kika faɗa, wato wahalar shan ƙwaya kowace rana. Amma rilfibirin yana buƙatar firiji, shi kuwa kabotegrabir ba ya buƙata, kuma wannan bambancin kaɗai zai iya yanke hukuncin wanda zai isa karkara. Ya kamata in ƙara da cewa lenakafabir, allurar ƙanjamau da ake yi sau biyu a shekara, ba da ɓurɓushin nano aka haɗa ta ba, don kada mu ɗauka duk ci gaba daga nan yake fitowa.

Game da tarin fuka, an gwada. Tun farkon shekarun 2000 masu bincike a Chandigarh ta Indiya suka ƙunshe magungunan a cikin wata irin roba mai narkewa a jiki, suka ba ɓeraye, suka ga maganin yana daɗewa a jininsu kwanaki da dama, har ya zama sha ɗaya duk kwana 10 ya wadatar. An ci gaba da irin wannan aiki a Afirka ta Kudu. Amma har yau babu maganin tarin fuka na nano da aka amince a ba mutane. Daga cikin dalilan akwai yawan maganin da babban mutum yake buƙata, domin rifamfisin kaɗai, ɗaya daga cikin magungunan huɗu, yakan kai miligram 600 a rana, kuma ƙunshin nano kaɗan yake iya ɗauka idan aka kwatanta da nauyinsa. Akwai kuma tsadar gwaji a kan dubban mutane, wanda kamfanoni ba sa ɗokin ɗaukar nauyinsa idan masu cutar ba masu iya saye ba ne.

Malam Usman:
Na ƙaru ƙwarai. Saura maganar azurfa da Malam Iliya ya taɓo, domin ana tallata ruwan azurfa na nano a intanet a matsayin maganin kowace cuta. Mene ne gaskiyarsa?

Dakta Hauwa:
Malam Usman, ina roƙon kowa a zauren nan kada ya sha shi, kuma kada ya ba yaro. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta a waje, shi ya sa ake saka ta a bandejin ƙuna da gyambo, ake kuma shafa ta a tukwanen yumɓu na tace ruwa, irin wanda Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Gwatemala a 1981. Waɗannan amfani ne na gaske. Shan ta kuwa ba a tabbatar yana warkar da wata cuta ba, kuma tana taruwa a fata ta mayar da ita toka-toka mai shuɗi, launin da ba ya gogewa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana tun 1999 cewa ba a tabbatar da amincinsa ko amfaninsa ba. Lokacin annobar Ebola ta 2014 an yi ta tallata shi a matsayin magani ba tare da wata hujja ba. Babban haɗarin shi ne mai ciwon da ke da magani ya ɓata lokaci a kansa har cutar ta ci ƙarfinsa.

Malama Rabi:
Zan ƙara da cewa ko da'awar da ake yi ta cewa ƙwayoyin cuta ba za su iya bijire wa nano ba, ba ta tabbata ba. A 2018 masu bincike a ƙasar Cak (Czech) ta Turai suka nuna wasu bakteriya da aka riƙa haɗa su da ɓurɓushin azurfa sun koyi sakin wani furotin da ke dunƙule ɓurɓushin ya daina aiki. Gwajin maleriyar da na yaba ma yana da tasa matsalar, domin an samu ƙwayoyin maleriya da suka daina yin furotin ɗin da gwajin yake nema, an fara ba da rahotonsu a Peru a 2010, kuma sun yi yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016.

Malam Iliya:
Akwai misali ɗaya da ni mai ja da batun ya kamata in kawo da kaina, wato rigakafin maleriya. Dukkan allurorin biyu, RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021 da R21 ta 2023, an gina su ne a kan ɓurɓushi mai siffar bairos wanda aka jera wa furotin ɗin maleriya a bayansa, kuma sinadaran da ke zaburar da garkuwar jiki a cikinsu su ma na nano ne. A gwajin RTS,S da aka fara a Gana da Kenya da Malawi a 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Ga cutar da ta kashe mutum kusan 597,000 a 2023, wannan ragi rayuka ne masu yawa. Abin da na lura da shi daga duk misalanku shi ne, waɗanda suka isa ga talaka su ne waɗanda suka rage masa zuwa asibiti, ko suka rage buƙatar na'ura da ƙwararre, kuma aka samu mai buga su da yawa, kamar yadda Serum Institute na Indiya yake buga R21. A kan wannan ma'auni nake so jami'o'i su riƙa auna bincikensu tun kafin su fara: zai jure zafi, ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya ba da shi, kuma wa zai ƙera shi?

Dakta Hauwa:
Idan da wannan ma'auni za a bi, Malam Iliya, to aikin da na fi sa wa ido shi ne amfoterisin na sha. An naɗe maganin a cikin wani irin ƙunshin kitse da ke kare shi a cikin hanji, aka gwada shi a Yuganda a kan masu sanƙarau na kiriftokokas, kuma sakamakon mataki na biyu na gwajin ya ƙarfafa gwiwa, musamman ta fuskar lafiyar ƙoda. Ba a kai ga amincewa da shi ba, domin sai an yi babban gwaji na mataki na uku. Idan ya tsallake, majinyacin da ke nesa da asibitin da ake ƙarin ruwa zai iya fara magani a inda aka gano cutarsa, maimakon a ɗora shi a mota yana cikin magagin ciwo. Malam Bashir, ko za ka bincika mana inda maganar gwajin nan na uku ta kwana, da kuma irin yanayin da ake buƙata wajen ajiye maganin?